Loma Uku

Jiya Kawu ya cika shekara goma da rasuwa. Na je Madachi gaishe da Inna, matarsa, ta kawo mini tuwon dawa da miyar kuka a akushinsa.

A gidansa na yi sakandare, kuma a bakin akushin nan ya koya mana ladabin ci, ni da 'ya'yansa biyu. "Kai ɗan boko, ci gabanka, tuwon ba guduwa zai yi ba. Kuma ba a kallon bakin babba." Shi kuwa loma uku yake yi, ya suɗe yatsu, ya ce, "Alhamdu lillahi, babba ke fara tsame hannu." Mu kuma mu afka.

Na tuna wa Inna ina dariya, na ce Kawu ba shi da ci.

Ta dube ni. "Wa ya gaya maka? Shekarun nan rumbu ba ya kai mu kaka. Da ruwan randa yake cika cikinsa. Don kada ku lura ya hana ku kallonsa."

Ni da nake zuwa na ɗaya a lissafi, wannan ya wuce ni.

Kawu, Allah Ya ƙosar da kai a Aljanna, inda ba sai ka rage wa kowa ba.