Ƙarin da Likita Ta Hana a Yanke

Yayata ta yi shekara goma sha ɗaya tana guga a sashen wanki na wani otal. A can kowa Inji yake ce mata, don takan goge zanen gado ɗari biyu kafin a tashi aiki, bakinta bai daina zuba ba. Ko da aka yi mata tiyata aka ciro autarta, wata biyu kacal ta yi ta koma bakin aiki.

Bayan shekara guda, ta jingina cikinta da teburin guga kamar kullum, sai ta ji wani abu ya tokare ta kusa da tabon ɗinkin. Abu mai tauri, kamar an ɓoye ƙwai a ƙarƙashin fata. Mijinta, direban babbar mota, ya taɓa wurin ya ce, "Ko dai likitoci sun manta almakashinsu a ciki?" Suka yi dariya. Da wata uku ya cika, maɓallin rigar aikinta ya ƙi rufuwa a daidai wurin, dariya ta ƙare.

Ni na raka ta asibiti. Aka shafa mata mai mai sanyi aka yi sikanin. Aka tura ta cikin wata na'ura mai kama da rami, ta yi minti arba'in a kwance cikin ƙara, an hana ta motsi. Daga baya aka sa allura aka ɗebo ɗan nama don gwaji. Sati biyun da muka jira sakamako, Yaya ta rame har zobenta yana zamewa.

Likitar mace ce mai magana a hankali. Ta ce, "Malama, wannan ba cutar kansa ba ce mai yawo a jiki. Ana ce masa desimoyid. Ba ya zuwa huhu ko hanta, amma yana kutsawa cikin naman da ke kewaye da shi kamar saiwa."

Yaya ta ce, "Alhamdu lillahi. To yaushe za a cire?"

"Ba yanzu ba. Za mu sa masa ido. Duk wata uku ki dawo a ɗauki hoto."

Yaya ta dube ta, ta dube ni. "Likita, ɓarawo yana tsakar ɗakina, ki ce in zauna ina kallonsa?"

Likitar ta yi mata bayani: irin wannan ƙarin idan aka yanke yakan dawo, wani lokaci ma ya fi da. Wani kuwa yakan tsaya da kansa, har ya ragu. Yaya ba ta ji ko ɗaya ba.

Hoton farko santimita huɗu ne. Na biyu biyar. A gida ta samu zare tana auna shi kowace safiya, tana ƙulli a inda ya tsaya. Zafi ya hana ta jingina da teburi, aka mayar da ita ninke tawul. Wata abokiyar aikinta ta ga cikin ya turo ta ce, "Inji, wani kuma? Allah ya raba lafiya!" Yaya ta shiga ɗakin ajiyar sabulu ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Ranar da hoto na uku ya nuna shida da ɗoriya, ta durƙusa a gaban likitar. "Don girman Allah ki yanke. Kawo takarda in sa hannu, in na mutu ba ruwanki." Likitar ta ɗaga ta, ta ce lokacin fara shan ƙwayoyi ya yi, amma wuƙa tukuna.

Yaya ta je ta samo wani ƙaramin asibiti a bayan tasha. Mai shi bai ko buɗe ambulan hotunan ba ya ce Alhamis zai cire. Na kasa haƙuri, na buga wa likitarmu waya. Ta kira Yaya da kanta, ta gaya mata yawan tsokar da za a ɗebe, da ragar da za a ɗinka a madadinta, da cewa duk da haka ba mai yi mata alkawarin ba zai dawo ba. Yaya ba ta je ba. Sati uku ba ta amsa gaisuwata.

Ƙwayoyin sun sa ta amai, tafin hannunta ya yi ja yana saɓulewa. Haka ta sha su, tana zagin su.

A hoto na huɗu likitar ta ɗora sabo kusa da tsoho ta ce, "Bai ƙaru ba."

"Bai ragu ba," in ji Yaya.

"Bai ragu ba. Sai nan da wata uku."

A bakin titi ta juyo gare ni. "Ke kika hana a yanke. In ya ci gaba, ke za ki yi wa yarana bayani."

Na ce, "To, Yaya."

Bas ta zo cike maƙil. Ta shiga gabana, ta kare cikinta da ambulan da hannu biyu don kada gwiwar hannun wani ta buge shi.