Jamilatu, Wadda Ta Kunna Mini Kwamfuta

Jamilatu 'yar Shanga ce, ɗiyar masunci. Shekara ashirin da huɗu ta yi tana buga tafireta a ofishin kwalejinmu a Yawuri. Ni kuwa Sallau, ni ne wanda ɗalibai ke kira Malam Kwamfuta. Allah ya yafe mini wannan suna.

Bayan an ƙirƙiro jihar Kebbi aka ce a fara koyar da kwamfuta, sai na yi caraf na ɗaga hannu, don kawai ina da wani littafi da na sayo a Zariya. Shekara uku ina zana ta a allo. Na sa ɗalibai suka zana madannai a kwalin sabulu suna dannawa, ni kuma ina zagayawa ina gyara musu yatsu. Alhali ko a mafarki ban taɓa taɓa ta ba. Jamilatu ke buga mini takardun darasi, ni ko gaisuwarta da ka nake amsawa.

Kwatsam a 1996 aka kawo ta gaske, guda ɗaya tak. Shugaban kwaleji ya ce ran Litinin zan kunna ta gaban kowa. In asirina ya tonu, aikin ya tafi, sunan ya tafi, ga 'ya'ya shida a gida. Na yi ta roƙon Allah a ɗauke wuta. Rannan kuwa wutar Kainji ko ƙiftawa ba ta yi ba.

Na danna duk abin da na gani a gabanta, shiru. Sai na juya na kama ba su tarihin kwamfuta, ina gumi kamar mai shuka shinkafa. Ina cikin haka Jamilatu ta shigo da tsumma, ta ce teburin ya yi datti. Ta sunkuya ta bayan na'urar tana gogewa, sai ji na yi abu ya yi ƙara, gilashin ya kawo haske. Ɗaki ya ɗauki tafi. Na sunkuyar da kai na karɓa, ko kunya babu.

Ashe hutu biyu ta yi tana koyo a wani shagon buga takardu a Kaduna, kusa da gidan yayarta. Tun daga nan kullum bayan la'asar nake zama gefenta tana koya mini, ƙofa a buɗe. In na ji takun mutum sai in ɗaga murya kamar ni ke koya mata. Ba ta taɓa yi mini dariya ba. An yi mini ƙarin girma sau biyu, ita tana nan a kujerarta.

Da za ta yi ritaya abin ya dame ni ƙwarai. Na same ta na ce zan tashi a wurin taron sallama in faɗi gaskiya, ko me zai faru.

"Malam, mi za ka hwaɗa musu?" in ji ta. "Ai tun rannan sun sani, sun ga hannuna. Ni na roƙe su su yi shiru har ka samu ka koya."

Na tsaya riƙe da hulata. Tafin nan da na sunkuyar da kai na karɓa, ashe ba ni aka yi wa ba.