Dankalin Tsohuwa Da Na Zuba A Shara

A lokacin shekarata biyu a unguwar Bronx, can ƙasar waje, ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ina ji da kaina kamar ni na ƙirƙiro girki. A ganina duk abin da ba tuwo ko shinkafa da miya ba, wahala ce kawai ake taunawa. Aka tura ni wajen wata tsohuwa 'yar ƙasar Peru a titin Grand Concourse, tana zaune ita kaɗai. 'Ya'yanta biyu iyakar zumuncinsu su bugo waya ran Lahadi su tambaya ko ta sha magani.

Da ƙyar take tsayuwa, amma sai ta yi girki. Ta dafa baƙar masara ta tace ta miƙo mini, in ce ina azumi, alhali ƙarya nake. Ta jiƙa ɗanyen kifi da lemon tsami ta ce wai ya dahu. Ina fita sai in kira ƙawata mu sha dariya, ina cewa mutanen da ba su san wuta ke dafa kifi ba, me za su koya mini.

Wata Talata ina gyaran kicin na ci karo da wani ƙullin tsumma can cikin kabad. Wasu abubuwa ne baƙaƙe, a yamushe, masu tauri kamar tsakuwa, ga wani wari. Na ja tsaki. Tana falo, taku biyar tsakaninmu, amma na ga ba ta kai in tambaye ta ba. Na jefa a shara, na wanke hannu sau biyu.

Bayan kwana uku ta neme shi. Da ɗan Turancinta ta yi mini bayani: dankali ne, a kan duwatsun garinsu ake baza shi sanyi ya daskarar, a tattake da ƙafa, rana ta busar, ya yi shekaru bai lalace ba. Ƙanwarta ce ta tattaka wannan kafin ta rasu. Duk shekara, ranar da suke tunawa da mamatansu, take ɗibar guda huɗu ta yi miyar mahaifiyarsu.

Na faɗa mata gaskiya. Ba ta zage ni ba, ba ta kai ƙarata ofis ba. Sandarta ta jawo, ta ce in kai ta ƙasa inda ake tara shara. Na ce mota ta kwashe tun Laraba. Ta ce ta ji, in dai kai ta. Haka na tsaya, ni sarauniyar tsabta, ina kallon tsohuwa 'yar shekara tamanin tana kwance ledojin maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Ba ta sake kunna murhu ba har aka canza mini gida.

Har yau in na tuna, kaina nake rainawa, don abin da na ɗauka wayewa tsabar jahilci ne. 'Yan'uwana masu wannan aiki, matambayi ba ya ɓata. Duk abin da kuka gani a ƙulle a gidan tsoho, wani ne ya ƙulle shi da hannunsa, kuma wataƙila mai hannun yana kabari.