Malam Yamusa, Mutumin da Ya Hana Kofi Zama a Gida Ɗaya

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin layinmu na Mpape, kowa bakin titi yake nufa neman mota. Malam Yamusa kuwa filin ƙwallo yake fara zuwa. Ya tsince duwatsun da ruwa ya gangaro da su daga tudu, ya kori awaki, ya girgiza katakon raga ya ji ko yana nan da ƙarfinsa. Daga nan ya sauka Maitama, inda yake aikin lambu a gidan wani babban mutum, yana askin ciyawar da ba mai taka ta. Da yamma ya dawo filin da babu ciyawa ko kaɗan, sai ƙafafun samari. Asabar da Lahadi kuwa da tokar gidan burodi yake zana layi, usur a wuyansa. Haka na same shi da na tare a unguwar, haka yake har ƙarshen kakar bara, lokacin da gwiwa ta ƙi, ya koma gonarsa a Yangoji.

Gasar da ya kafa ta samarin unguwa ce: masu lodin dutse, yaran kanikawa, 'yan tireda. Abin da ya bambanta ta da kowace gasa doka ɗaya ce. Ranar ba da kofi, 'yan ƙungiyar da ta yi na ɗaya za su jeru a tsakiyar fili. Kyaftin ɗin ƙungiyar da ta zo ta ƙarshe zai bi layin, ya dafa kafaɗar mutum biyu da yake so. Nan take su tuɓe rigarsu su sa tasa, sun zama nasu. Mu a nan ranar dafa kafaɗa muke ce mata. Saboda ita, ban taɓa ganin kofi ya daɗe a hannun ƙungiya ɗaya ba.

Na taɓa jin an tambaye shi dalili a gidan kallo. Sai ya nuna talabijin ya ce, "Ga shi nan kuna gani. Akwai lig ɗin da tun ba a buga wasan farko ba kun san mai ɗaukar kofi. To su can albashi suke karɓa, ko an ci su biyar gobe za su fito. Yaron da ya wuni yana lodin dutse, in ana lallasa shi kowace Asabar, me zai dawo da shi?"

Bai ɗaga wa kowa ƙafa ba. Shekarar da ƙungiyar ɗansa Zakariyya ta ci kofi, Zakariyya ne ya fi kowa zura ƙwallo. Kyaftin ɗin na ƙarshe ya zo kansa, ya sunkuyar da kai ya wuce. Malam ya busa usur.

"Kai, ka tsallake mai cin ƙwallo. Makanta ce ko kunya?"

"Baba, ai ɗanka ne."

"A gida ɗana ne. A nan lamba tara ne. Koma."

Yaron ya koma ya dafa. Zakariyya ya canza riga yana hawaye, kuma maƙwabta sun shaida cewa mahaifiyarsa Saudatu ta jima ba ta sakar wa Malam fuska ba.

Wata shekara kuma Oga Andrew, mai motocin ɗaukar dutse, wanda ke riƙe da ƙungiyar Masu Tifa, ya shigo fili da turakun ƙarfe sababbi, har da raga. Muka yi ta tafi. Ya ce, "Baba, ga ƙarfe na kawo. Amma yarana ka bar mini su, ni ne na sha wahala a kansu."

Malam ya ce, "Oga Andrew, ƙarfen na fili ne ko na yaranka?"

"Haba Baba! A wace ƙasa ake hukunta wanda ya ci?"

"A ƙasar Mpape."

Aka bushe da dariya, har shi Andrew. Amma tifar da ta kawo ƙarfen da shi ta koma. Har yau katako ne a filinmu, kuma mun yi ta gunaguni duk lokacin da iska ta kayar da shi.

Ɗana Abdulbasit gola ne a ƙungiyar Gangare. A kakarsa ta farko an zura masa ƙwallaye har yaran layi suka sa masa suna Kwando. Ya ajiye safar hannunsa, ya koma zama a shagon cacar ƙwallo da ke bakin kwana. Ni direba ne, tun safe nake fita, ba na ganin abin da yake yi. Mahaifiyarsa Muhibba ce take gaya mini. Na yi faɗa, na yi lallashi, bai ji ba. Malam Yamusa ne ya shiga shagon da rana tsaka, a gaban kowa.

"Kwando, tashi."

"Baba, ni na daina. Kullum ni ake yi wa dariya."

"Na ga wasanka. Ba hannunka ne ya huje ba, gabanka ne ba kowa. Ka jira ranar dafa kafaɗa, in ba ka ga canji ba ni zan rako ka nan da kaina."

A ranar, Gangare, da ta zo ta ƙarshe, ta ɗauki 'yan baya biyu. Kaka ta gaba ba su ci kofi ba, a tsakiyar tebur suka ƙare. Amma duk wasan da za su shiga suna jin za su iya ci, kuma ɗana yana dawowa da magariba a gajiye, ya ci tuwo ya kwanta. Ni ban taɓa neman fiye da haka daga ƙwallo ba.

Malam, kai ne mai raba ƙarfi don kada rauni ya kori kowa. Kai ne ka ga cewa na ƙarshen tebur ma ɗan wani ne.

Da zai tafi, aka zauna a kan dokar. Sabon shugaban gasar, Lukman, tsohon ɗan wasan Malam ne, kuma mutumin kirki. Ya ce Mpape ba ta taɓa yin nisa a gasar cikin gari ba, domin duk ƙungiyar da ta fara kama jiki sai a tsinke ta. Ya ce masu neman 'yan wasa inda ake da ƙungiya mai ƙarfi suke zuwa, kuma akwai yaran da suka rasa damarsu a haka. Ba zan ce ƙarya ya yi ba. Shi kansa Zakariyya, da an bar shi cikin abokan da suka san ƙafarsa, Allah kaɗai ya san inda zai kai. Yau gyaran waya yake yi. Mu iyayen yaran ƙasan tebur muka faɗi namu, aka ɗaga hannu, suka fi mu yawa. Aka soke dokar. Malam ya cire usur ya miƙa wa Lukman ya ce, "Filin naku ne."

Bana Masu Tifa ba su faɗi ko sau ɗaya ba. 'Yan kallo sun ragu, don kowa ya san yadda za a tashi. Gangare na shan kashi, yaranta uku sun daina zuwa, biyu na gan su da idona a bakin shagon nan. Sunan Kwando ya fara dawowa. Ni kuma ina tuƙi hankalina na gida.

Makon jiya Abdulbasit ya shigo da labari. Suna tirenin sai ga Israel, babban ɗan bayan Masu Tifa, da takalmansa a hannu. Ya ce wa kocin Gangare, "Koci, akwai riga? Can ba daɗi, ƙwallo ba ya zuwa wurina, ina tsaye kamar mai gadi. Ba wanda ya taɓa kafaɗata, na taɓa da kaina."

Mutum ɗaya ne, inda dokarka, Malam, take ba da biyu, kuma ba mai tilasta wa wani ya biyo shi. Amma saboda shi Abdulbasit ya ce zai tsaya a raga har ƙarshen kaka. Bayan nan ban sani ba.

Mun gode, Malam Yamusa. Allah ya ba gwiwarka lafiya, ya yi wa gonarka albarka, ya shirya maka zuri'a kamar yadda ka tsare mana tamu. Ku kuma masu ƙungiyoyin da ke sama, a Mpape ko a ko'ina, ba sai an busa muku usur ba. Ku duba cikin yaranku ku aika ko mutum ɗaya ƙasan tebur. A can akwai golan da ya ba mu wa'adi zuwa ƙarshen kaka.