Ranar da Na Zuba wa Batir Kanwa

Shekarun baya na yi wata wauta da har yau nake sunkuyar da kai in na tuna. Ni da ko aji uku ban gama ba, wai ni ne injiniya.

Abokina yana da rumfar cajin waya a ƙauyenmu, gefen Dogon Dawa. Sola ɗaya, babban batir ɗaya, kuma tun da noma ya gagara saboda mutanen daji, da su yake ciyar da iyalinsa. Da zai kai mahaifiyarsa asibiti Kaduna, ni ya bar wa makulli. Ya ce, "Malam, in ruwan batir ya ja ƙasa, ka sayo nasa na kwalba a Birnin Gwari. Kada ka yi mini dabararka."

Ruwan kuwa ya ja. Na hango wahalar hanya, na ce ai ruwa ruwa ne. Na ɗebo na rijiya, har na jiƙa kanwa a ciki, tunda ita muke ba dabba ta yi ƙarfi. Ina zubawa ya hau kumfa yana tsuwa. Na kira mai shayi ina taƙama, "Zo ka ga ƙarfi yana tafasa."

Bayan kwana biyu, ko ƙwan fitila batirin bai iya kunnawa.

Da abokina ya dawo muka kai wa mai gyara. Ya fasa murfin ya nuna mana farantan dalma jere kusa da juna, duk sun yi fari. Ya ce, "Baba, wuta ta cikin ruwan nan mai tsami take bi, daga fuskar wannan faranti zuwa wancan. Ka kashe tsamin, ka toshe fuskokin. Ta ina za ta wuce? Wake ka ɗauka kana dafawa?"

Mutanen wajen suka yi dariya, ban da mu biyu.

Kuɗin sabon batir ya fi ƙarfinmu duka. Rumfar ta mutu, ya kwashe iyali ya koma Kaduna gadi, mutum mai furfura. Bai zage ni ba ko sau ɗaya, kuma da ya zaga da na fi samun sauƙi. Tun lokacin, abin da ban sani ba nakan ce ban sani ba, amma hakan bai dawo da shi gida ba.

Ranar tafiyarsa, yana cikin mota ya leƙo ta taga, ya ce, "Malam, wayoyin gari duka suna gabanka, cike da caji. Me ya hana ka kira ni?"