Injin jirgin ruwan da ba Yaya Issufu ya ƙona ba

Shekara ashirin da bakwai ke nan da muka kai yayana Issufu makwancinsa a Dakoro, kuma har yau in an ambace shi sai wani ya yi murmushi ya ce, "Au, wanda ya ƙona injin gwamnati?" Na gaji da jin wannan ƙarya.

Yaya Issufu makanike ne. A Gaya ya koyi aiki, a bakin kogi, ya dawo gida aka ɗauke shi a garejin gwamnati. Ba mu daɗe da samun ƴancin kai ba aka aiko mana daga Yamai da kwalekwalen ƙarfe da wani ɗan inji da ake maƙala masa a baya, wai don haye ruwan da ke yanke ƙauyukan wajen Kornaka da damina. Cikin tsakiyar rani kayan suka iso, tabki ya bushe ƙayau.

A duk garin Yaya kaɗai ya san halin wannan inji. Ya nuna mini wasu ƴan ramuka a ƙafarsa, sama da farfela. Ta nan yake shan ruwa, in ji shi. Wata ƴar roba mai fukafukai ce ke tura ruwan sama ya zagaye kan injin ya sanyaya shi, sannan ya fito ta baya siriri kamar fitsarin akuya. In ka ga fitsarin, lafiya lau. In babu, kashe shi nan take, don robar ba ta jure juyawa a bushe.

Sai aka ce wani babba zai zo, kumandan, wato shugaban mulkin yankinmu, yana so a tada injin a gaban baƙon. Yaya ya sa aka jawo ruwa daga rijiya, ya cika tano, wato gangar ƙarfe, ya tsoma ƙafar injin a ciki. Kumandan ya zo ya duba ya ɓata rai, wai tanon ya ɓoye farfela, kuma baƙo farfela zai so ya ga tana juyawa.

"Ranka shi daɗe, in babu ruwa ƙonewa za shi yi," in ji Yaya.

"Mota ruwa take tsayawa ciki? Tahi ka ba mu wuri."

Da baƙon ya iso, aka fid da injin daga tanon aka ɗaure shi a jikin katako, direban kumandan, Lawali, ya ja igiya. Farfela ta juya, makaɗa suka ɗauka, jama'a suka yi ta sowa. Ba a jima ba warin roba ya tashi, sai hayaƙi, sai injin ya yi ƙara ɗaya ya sandare. Kafin la'asar an ce Issufu ɗan adawa ne, da gangan ya ɓata shi don ya kunyata hukuma. Jandarma suka riƙe shi kwanaki, aka kore shi daga aiki. Sauran rayuwarsa a gyaran keke da injin niƙa ya yi ta.

Ni ina wurin. Malamin lekol ne ni a lokacin, ni na jera ɗalibai suka yi tafi. Da kunnena na ji gargaɗin da ya yi, aka tambayi shaidu, na tuna albashina na yi shiru. Bai taɓa yi mini gori ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo.

Da yana raye yau, me zai gani? Kayan aiki sun yawaita, halin yana nan. Ana kawo na'ura, mai babbar riga ya ba da umarni, wanda ya san aikin ya tsaya a baya, in ta lalace a kama shi. Na san abin da zai yi: ya girgiza kai ya koma kan kekensa. Ni ba ni da wannan haƙurin.

Ranar jana'izarsa Lawali ya jawo ni gefe ya ce, "Malam, wallahi shi ya yi gaskiya." Na ce ya faɗa da ƙarfi mutane su ji. Ya sunkuyar da kai, ni ma ban matsa ba, don na san ba ni da bakin matsa wa kowa. Bara Lawali ya rasu, kumandan kuwa ya daɗe a ƙasa.

Yaya bai bar gida ko gona ba. Suna ya bari, shi ma an ɓata, kuma jikokinsa na tafe da shi a haka. Saura ni kaɗai cikin waɗanda suka ji abin da aka faɗa a bakin tanon nan. To ga shaidata, ta makara amma ga ta: Issufu ya ce a sa ruwa, aka ƙi. Ni Mamman ƙanensa, ina tsaye, ban ce komai ba.