Motsi Bakwai a Tsakar Gidan Inna

Shekara uku na yi ina koya wa mata miƙa jiki da daidaita numfashi a tsakar gidan Inna a Gummi, duk Laraba da Asabar bayan la'asar. Ba makaranta na je na koyo ba. Wata nas ce ta koya mini, Kirista 'yar Filato, lokacin da muke aiki tare a wani ƙaramin asibiti, ni ina ɗakin kati. Bayana ke ciwo saboda yawan zama, sai ta riƙa tsayar da ni idan layi ya ragu, ta ce in ja iska ta hanci a hankali, in saki kafaɗa. Sista muke ce mata. Da aka mayar da ita Anka, ta bar mini motsi bakwai da wata tabarmar roba.

Yawancin ɗalibaina masu turara shinkafa ne, waɗanda ke yini a sunkuye tsakanin tukunya da shanya. Akwai biyu masu suyar kifi. Sai Gwaggo, ƙanwar mahaifina, wadda ba ta taɓa fashi ba, ba ta kuma taɓa yin shiru ba.

Shirun nan shi ne rigimarmu. Zan ce, "Ku rufe ido, kowa ta saurari numfashinta." Kafin in ƙirga uku, sai in ji Gwaggo, ido a rufe, tana tambaya, "Wa ya ga akuyata mai baƙin kunne?" Wata ta ce ta gan ta wajen injin niƙa, wata ta ce waccan ba ita ba ce. Kafin a gano akuya lokacin numfashi ya wuce. Wata kan zo da gyaɗa a ɗaure a bakin zani, tana ɓara ana motsi. Wata kuma kullum sai ta tambaye ni wane motsi ne maganin hawan jini, in ce mata babu, ta ci gaba da shan abin da likita ya ba ta, ta ce, "To mi amfaninshi ke nan?" Laraba mai zuwa ta dawo ta sake tambaya.

A shekara ta uku na gaji. Na daina yi ni kaɗai da safe. Bakina na cewa a saki kafaɗa, nawa kafaɗun sun kusa taɓa kunne. Na kira Sista na ce ta ƙara mini wani abu, bakwai ɗin nan sun fita daga raina. Ta turo mini bidiyo, ya kwana biyu bai buɗe ba saboda rashin sabis. Da ya buɗe na ga tsayuwa ce a ƙafa ɗaya, hannuwa a sama. Mako guda ina gwadawa a ɗaki har na iya, na ji wani ɗoki da na daɗe ban ji ba.

Ranar Asabar na nuna musu. Gwaggo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ɗiyata, mu balbela ne?" Aka kwashe da dariya. Na daure na ce su gwada. Ɗaya daga cikin masu suyar kifin ta ɗaga ƙafa, ta yi tangaɗi, ta riƙo hijabin ta kusa da ita, su biyun suka zube a kan geron da Inna ta shanya. Babu wadda ta ji ciwo, amma Inna ta fito daga madafi tana faɗa, kaji suka taru, matan suna ta dariya har da hawaye. Na naɗe tabarmata na ce, "Daga yau na bari. Kowa ta je ta yi hirarta a gidanta." Ba wadda ta ɗauka da gaske nake.

Asabar ta gaba na hau motar safe zuwa Anka, don yanzu ba mai son yamma ta same shi a wannan hanya. Har muka wuce yankin Bukkuyum ina ta jera ƙorafina a zuci. Sista ta tarbe ni da ruwan sanyi, na zauna na zazzage mata komai, tun daga akuya har gero. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Mutum nawa ke zuwa?"

"Goma, wata rana sha biyu."

"Ni uku gare ni," in ji ta. "Ɗayar ma cajin waya ke kawo ta."

Ta shimfiɗa tabarma ta ce in kwanta. Na ce ba wannan ya kawo ni ba. Ta ce in kwanta dai. Ta ɗora tafin hannunta a cikina tana ƙirga mini numfashi, sai na tuna tun da ta bar Gummi ba wanda ya sake ƙirga mini, ni ce kullum mai ƙirga wa mutane. Ban san lokacin da barci ya kwashe ni ba. Kafin in tafi muka yi alkawarin waya duk Lahadi idan ta dawo daga coci.

Duk da haka ban koma ajin ba. Mako biyu ina tsayawa gidan ƙawata bayan aiki har lokacin ya wuce. Wata Laraba na manta na taho gida kai tsaye. Tun daga zaure na jiyo muryar Gwaggo tana ƙirga. Na leƙa. Mata sha ɗaya a jere, ita a gaba, a daidai inda nake tsayawa. Ta sake wa motsin sunaye: wannan "ɗauko tulu", wancan "leƙa rumbu". Wata ta fara magana, sai na ji Gwaggo, da bakinta, ta ce, "Ke, shiru, numfashi mukai."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Shekara uku ina roƙon wannan shiru. Na so in juya, sai na ga suna sunkuyawa gwiwa a sandare, abin da na hana su ya fi sau ɗari. Na shiga da jakar aikina a kafaɗa na ce, "Ku lanƙwasa gwiwa, za ku ɓalla bayanku."

Gwaggo ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce, "Kin ƙare fushin? To zo ki tsaya gaba, ni maƙogwarona ya bushe."

Na tsaya. Yanzu da sunayenta nake kiran motsin, don sun fi kama su, ko da yake ban taɓa faɗa mata ba. Tsayuwar ƙafa ɗaya kuwa muna yi a jikin katanga, mutum huɗu sun iya. Tun da Gwaggo ta koma layi ta koma surutunta. Ranar Lahadi nakan kai ƙararta wajen Sista, sabis ya yanke a tsakiyar magana, in sake kira.

Kwanan baya suka ce in ƙara musu ranar Litinin. Na ce ba zan iya ba, ina da aiki, ina da wanki. Da na dawo ranar Litinin na tarar Inna ta share tsakar gida, su bakwai suna zaune suna jirana.